Ƙananan fitilu a daren ambaliya: Yadda manoman arewacin Amurka ke haskaka taraktocinsu

A jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota na ƙasar Amurka, watannin Maris da Afrilu lokaci ne na zullumi ga manoma. Dusar ƙanƙarar da ta taru tsawon hunturu ta fara narkewa, amma ƙasa tana nan a daskare, ba ta shan ruwa. A daidai lokacin ne kuma shanu ke haihuwa. Dole manomi ya kai wa dabbobinsa ciyawa, ya kwashe 'yan maruƙa zuwa kan tudu, ya buɗe hanya, sau da yawa kafin asuba ko bayan faɗuwar rana. Abin da yake dogara da shi a wannan aiki shi ne tarakta, ita kuwa tarakta a cikin duhu sai da fitila.

Yanayin ƙasar ne ya tsananta matsalar. Kogin Red, wanda ya raba jihohin biyu, daga kudu yake kwarara zuwa arewa har ya faɗa Tafkin Winnipeg a Kanada. Saboda haka ƙanƙarar kudu ke riga narkewa, ruwan ya taho ya tarar da arewa a toshe. Kwarin kuma shimfiɗaɗɗe ne, domin gindin wani tsohon tafki ne mai suna Agassiz, don haka ruwan da ya tsallake gaɓa yakan malale gonaki masu nisan gaske. A watan Afrilun 1997, bayan wata guguwar dusar ƙanƙara da ta karya turakun lantarki, kogin ya kai ƙafa 54.35 a birnin Grand Forks, aka kwashe mutane kimanin dubu 50. A ranar 28 ga Maris, 2009, ya kai ƙafa 40.84 a Fargo, inda jama'a suka cika miliyoyin buhunan yashi alhali dusar ƙanƙara na zuba a kansu. A jihar Nebraska da ke kudu da yankin, ambaliyar watan Maris na 2019 ta fasa madatsar ruwa ta Spencer, hukumomin jihar suka ƙiyasta asarar sama da dala biliyan 1.3, ciki har da ta shanu ta kusan dala miliyan 400.

Lissafin wuta

A irin waɗannan darare, fitilun gaba biyu da tarakta ta zo da su ba sa wadatarwa. Direba yana bukatar ya ga abin da ke bayansa inda ya maƙala na'urar share ƙanƙara ko famfon zuƙar ruwa, ya kuma ga gefen hanya inda lambatu ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Sai dai ƙara fitila ba ya yiwuwa sai an duba ƙarfin da injin ke iya samarwa.

Lissafin mai sauƙi ne: a raba wat da bolt, sai a samu amfiya. Ƙwan halojin mai wat 55 a kan tsarin bolt 12 yana jan kusan amfiya huɗu da rabi. Guda huɗu za su cinye wajen amfiya 18. Tsofaffin taraktoci masu amfani da dinamo, waɗanda har yanzu ake aiki da su a ƙananan gonaki, abin da suke bayarwa duka bai fi wajen amfiya 20 ba, idan kuma injin yana tafiya a hankali sai ya yi ƙasa sosai. Ragowar daga batir ake cira. Shi kuwa batir sanyi yana rage masa ƙarfi, wanda cajinsa ya ƙare ma yana iya daskarewa ya tsage. Manomin da ya kwana yana aiki da manyan fitilu zai iya wayar gari taraktarsa ta ƙi tashi, ruwa kuma yana matsowa.

Nan ne fitilun LED suka sauya al'amarin. Fitila mai wat 18 tana jan amfiya ɗaya da rabi kacal, guda huɗu amfiya 6, wato kashi ɗaya bisa uku na abin da halojin huɗu ke ci, kuma haskensu na iya kamo na halojin ɗin. Ba su da siririn zaren da jijjigar tarakta ke tsinkewa a cikin ƙwan fitila. Farin hasken nasu ya samo asali ne daga shuɗiyar LED, wadda ta ja wa masana uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2014.

Inda ake yin kuskure

Ƙarancin cin wuta ba ya nufin a haɗa waya yadda aka ga dama. Ƙa'ida ta farko ita ce a sa fiyus dab da batir, domin idan waya ta goge a jikin ƙarfe, fiyus ɗin ya ƙone maimakon taraktar. Akan ja wa fitilun layi nasu daban da makunninsu, idan suna da yawa a ƙara rile. Kowace mahaɗa a rufe ta ruf, domin ruwan narkewar ƙanƙara yana zuwa da laka, a kan tituna kuma da gishiri, su kuwa ke cinye waya. Alamar IP67 da ke jikin fitila na nufin ƙura ba ta shiga, kuma za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30.

Tsofaffin taraktoci na da nasu tarkon. Ford 8N, wadda aka ƙera daga 1947 zuwa 1952, tana aiki ne da bolt 6, kuma ƙafar batir mai alamar tarawa ce aka haɗa da jikin motar, saɓanin yadda ake yi a yau. Halojin bai damu da wannan ba, amma LED ba ta kamawa idan aka juya mata waya, mafi yawansu kuma ba sa aiki sai da bolt 9 ko 10 zuwa sama. Shi ya sa masu irin waɗannan taraktoci da dama ke mayar da su bolt 12 tare da altaneta kafin su ƙara fitila.

Dusar ƙanƙara kuma ta tona wani rauni. Zafin da halojin ke ɓarnatarwa shi ne ke narkar da ƙanƙarar da ta sauka a kan gilashinsa. LED ta baya take fitar da zafinta, fuskarta na nan da sanyi, sai ƙanƙara ta lulluɓe ta. Wasu biranen Amurka sun ga haka a fitilun ba da hannu bayan sun sauya su. Mafita ita ce a sayi masu gilashi mai ɗumama kansa, ko a riƙa sauka ana gogewa. Haka nan farin haske mai ƙarfi yana dawowa cikin idon direba idan ƙanƙara na zuba, saboda haka da yawa sun fi son mai ruwan ɗorawa, kuma suna karkatar da fitilun ƙasa, masu baza haske a gefe da baya, mai dogon zango a gaba. Idan aka hau titi, akan kashe farar fitilar baya don kada ta ruɗe mai tahowa, a bar fitilun gargaɗi da alamar nan mai kusurwa uku ta ababen hawa masu tafiyar hawainiya.

Akwai iyakar da fitila ba ta tsallakewa. Haske yana nuna saman ruwa ne kawai, ba ya nuna ko ƙasan hanya ya zaizaye. A ambaliyar 2019, wani manomi a kusa da garin Columbus na Nebraska ya fita da taraktarsa don ceto wani da ruwa ya tare, gada ta rufta da shi, ya rasa ransa. Fitila mai wat 18 na iya tsare batir har gari ya waye, ta nuna wa manomi ɗan maraƙin da ke kwance a gefen shinge. Hukuncin shiga ruwa ko juyawa baya kuwa yana hannun wanda ke riƙe da sitiyari.