NA'URAR DA KE GANO CIWO A JIKIN NAMUN DAJI DAGA NESA

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan magana ba ta cika aiki a kan naman daji ba. Barewar da ta yi ɗingishi a dawa ita zaki yake fara bi, saboda haka dabbobin daji sun saba da ɓoye ciwonsu, kuma ba su barin wannan hali ko da an killace su a gidan zu. Sau da yawa kafin mai lura da su ya ankara, cuta ta riga ta ci ƙarfin dabba.

Idan likitan dabbobi yana son ya duba irin waɗannan halittu sosai, to, tilas ya harba musu allurar sa barci, wannan kuwa kasada ce babba. Raƙumin dawa yana iya faɗuwa ya ji mummunan rauni, ko kuma abincin da ke tumbinsa ya dawo ya shige masa huhu. Giwa kuma idan ta daɗe kwance a kan ƙirjinta sai numfashi ya gagare ta. Wato dai a wajen neman magani ana iya rasa majinyacin ɗungum.

A nan ne kyamarar ɗaukar hoton zafin jiki ta zama abin taimako. Asalinta ya samo tushe ne tun shekarar 1800, sa'ad da wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ya rarraba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya aza ma'aunin zafi a gefen jan launi inda ido ba ya ganin kome, sai ya tarar zafi ya ƙaru. Kowane jiki yana fitar da irin wannan haske ɓoyayye, kuma gwargwadon ɗuminsa gwargwadon yawan abin da yake fitarwa. Aikin kyamarar shi ne ta tattara shi ta mai da shi hoto, galibi wuri mai zafi ya fito ja ko fari, mai sanyi kuma shuɗi. Masu karatu za su tuna da irinta a filayen jirgin sama a lokacin annobar korona ta 2020.

To, me likita yake nema a hoton? Duk inda kumburi ko ƙurji ya taso, jini yakan yi yawa a wurin, fata ta ɗau zafi. Sai ya gwada ƙafar dama da ta hagu, ko muƙamuƙin wannan gefe da na wancan. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi, ya san inda zai sa ido. Wannan ya fi amfani ga giwaye, domin ciwon ƙafa da na gaɓoɓi yana daga cikin manyan cututtukan da ke addabarsu a killace, saboda yawan tsayuwa a kan siminti da ƙarancin tafiya. Ana ɗaukar hoton daga bayan shinge, giwa tana cin ciyawarta ba ta ma san ana yi ba.

A Jamus wata likita, Sabine Hilsberg, ta yi amfani da na'urar wajen gano ciki a jikin karkanda. A Amurka kuwa, wani binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa ƙafafun wata irin barewa da ta kamu da ciwon boru sukan yi zafi tun kafin gyambo ya bayyana. A birnin Biyana na Ostiriya ma, masana sun ɗauki hotunan giwayen Afirka, suka ga yadda wasu sassan fatarsu, musamman kunnuwa, suke zama kamar tagogin fitar da zafi.

Sai dai kada a ɗauka na'urar bokanya ce. Zafin saman fata kaɗai take gani, ba ta leƙa cikin hanta ko huhu. Gashi mai kauri irin gezar zaki yana rufe mata ido, haka nan gilashi, da taɓo, da jiƙaƙƙen jiki. Rana ita ce babbar mai ruɗinta: gefen da dabba ta shanya zai fito ja wur ba tare da wani ciwo ba. A ganina wannan shi ne abin da masu kula da gidajen zu namu, irin na Jos da Ibadan da na Audu Bako a Kano, ya kamata su fi kiyayewa. A ƙasar da rana ke ƙuna tun hantsi, hoton da za a dogara da shi sai na asuba ko na cikin inuwa, kuma lalle a ajiye hotunan kowace dabba tun tana da lafiya, don a sami abin gwadawa ranar da ta canza.