Raunin ƙashi da tsawon rai bayan aikin sankarar bututun matsarmama

Hanta tana samar da wani ruwa mai ɗaci wanda ke bi ta siraran bututu zuwa hanji, inda yake taimaka wa jiki wajen narkar da maiƙo. Sankara takan kama waɗannan bututu. Alamominta na farko su ne shawara, duhun fitsari, farin bayan gida, ƙaiƙayi da rama. Aikin tiyata ne kaɗai ke iya kawar da ita, amma yawancin masu cutar sukan iso wurin likita bayan lokacin aikin ya wuce.

Ko cikin waɗanda aka yi wa aikin, wasu sukan daɗe, wasu kuwa cutar takan dawo musu da wuri. A shekarar 2019 likitocin Jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan sun bayyana cewa marasa lafiyar da ƙashinsu ya raunana tun kafin aiki ba su kai sauran tsawon rai ba. Wasu asibitocin Japan sun samu irin wannan sakamako daga baya. Awon ba ya buƙatar wani sabon kuɗi: a hoton sikana da ake ɗauka kafin aiki ake duba ƙwarin ɗaya daga cikin ƙasusuwan gadon baya.

Me ya haɗa ƙashi da wannan cuta? Idan bututun ya toshe, ruwan ba ya isa hanji, maiƙo ba ya narkewa, bitamin D da ke tafiya tare da maiƙon ba ya shiga jini sosai. In babu shi, jiki ba ya amfana da sinadarin kalsiyam, sai ya riƙa ɗibarsa daga ƙashi. Ga kuma rashin cin abinci, doguwar kwanciya da zubewar tsoka. Saboda haka ƙashi mai rauni shaida ce ta jikin da ya riga ya jigata, wanda zai sha wuya wajen jure babban aiki da magungunan da ke biyo bayansa.

Sai dai a lura: binciken ya nuna dangantaka ne kawai. Bai nuna cewa shan maganin ƙashi yana ƙara kwana ba, kuma raunin ƙashi ba dalili ne na fasa aiki ba.

Mai jiran aiki ya tambayi likitansa halin da ƙashinsa da tsokarsa suke ciki. Ya lizimci nono, ƙwai, wake, zogale da miyar kuka gwargwadon abin da cikinsa zai ɗauka, ya riƙa tattaki kullum, ya bar taba. Babban mutum da ya yi shawara tare da farin bayan gida kuwa, kada a tsaya ba shi jiƙo a gida, a kai shi a ɗauki hoton cikinsa.