Yadda Ake Sauya Kwamfuresar Na'urar Sanyaya Mota Ba Tare Da Asara Ba

Kwamfuresa ita ce zuciyar na'urar sanyaya mota, domin ita ke matsa iskar gas tana tura ta cikin bututai. Tana kuma cikin kayan gyara masu tsada a kasuwanni irin su Ladipo da ke Legas. Sau da yawa masu motocin haya da kamfanoni kan saye ta har sau biyu, saboda gaggawa wajen ɗaura ta farko.

Matakin farko shi ne a cire wayar batir, sa'an nan a zuƙe gas ɗin da injin da aka tanada domin haka. Sakinsa a sarari yana gurɓata muhalli, kuma yana iya ƙona fata da idanu.

Daga nan sai a sassauta bel ɗin da ke juya kwamfuresa. Kafin a taɓa shi, ya kamata a zana yadda ya zagaya, domin a yawancin motocin zamani bel guda ne ke juya har da injin cajin batir. A irin waɗannan motoci akwai wani ɗan faifai mai sifirin da ke ɗame bel. Akan sa doguwar sifana a kansa, a tankwara shi a hankali har bel ya saki, a zare. A tsofaffin motoci kuwa, akan kwance notin da ke riƙe da faifan, a warware kusar ɗamewa. Ɓamɓare bel da ƙarfe yana yayyaga shi, kuma sifirin na iya datse yatsa.

Bayan an cire waya da bututai da kusoshi, sai a toshe bakin bututan don kada ƙura ko danshi su shiga. Idan tsohuwar kwamfuresa ta ci kanta ne, ɓarɓashin ƙarfe ya riga ya bazu. Wajibi ne a wanke bututai, a sauya gwangwanin da ke tsotse danshi da robobin mahaɗa, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sawun tsohuwar.

Haka kuma dole a kula da nau'in gas da mai. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, masana'antu sun bar R-12 suka koma R-134a a shekarun 1990, yanzu kuma sababbin motoci da yawa na amfani da R-1234yf. Kowanne da man da ya dace da shi, ba a gauraya su.

A ƙarshe a mayar da bel bisa zanen, a zuƙe iska daga bututai na aƙalla rabin sa'a, sa'an nan a zuba gas bisa nauyin da aka rubuta a ƙarƙashin bonet. Mai mota ya tambayi makanike waɗannan abubuwa kafin ya biya kuɗin aiki.