Magidanci Ya Karanta Jikin Taya Kafin Ya Biya Kuɗi

Ran 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe suna cikin tafiya. To, idan haka ta auku ga motar minista, lalle magidancin da ke ɗaukar iyalinsa a ƙaramar mota ya kamata ya san abin da yake saye in ya shiga shagon masu taya.

Tun da kamfanin Michelin ya rufe ma'aikatarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, akasarin tayoyin da ke kasuwanninmu daga waje ake kawo su, sababbi da na gwanjo. A cikinsu akwai wadda 'yan kasuwa ke yabawa da sunan tayar kowane yanayi. Sai dai yanayin da masu ƙera ta ke nufi na Turai da Amurka ne, inda dusar ƙanƙara kan rufe hanya. Ana gane ta da hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki. Wanda ya saye ta a nan ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Mafi muni kuwa, tayar hunturu zalla ita ma wannan tambari take ɗauke da shi, alhali robarta mai taushi ce, an yi ta domin sanyin da ya gaza digiri 7. A kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, da wuri take suɗewa, birki kuma ba ya kamawa sosai.

Abokan gāban taya a ƙasar nan biyu ne, watau zafin bazara da ruwan damina. A jikin tayoyi da yawa an rubuta darajar jure zafi da A, B ko C, kuma A ce ta dace da mu. Darajar kama jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa daga AA take farawa zuwa C. Zanen taya shi ke korar ruwa daga ƙarƙashinta. In zurfinsa ya sauka zuwa milimita 1.6, mota kan zame ko da direban gwani ne.

Sa'an nan sai batun shekaru, domin roba tana tsufa ko da a shago take ajiye. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ke nuna ranar haihuwar taya: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Nan ne tayar gwanjo ke yaudarar mutane, gama zanenta kan yi kyau alhali cikinta ya mutu. Araha, in ji masu magana, ba ta ado.

Haka kuma girman taya ba abin da mai faci zai yi wa kintace ba ne. Akasari an rubuta shi a jikin ƙofar direba tare da yawan iskar da ta dace. In an ga 195/65 R15 91H, to, faɗin tayar milimita 195 ne, wilinta inci 15, tana ɗaukar kilo 615. Iska kuwa da safe ake auna ta, kafin taya ta ɗau zafi, gama ƙarancin iska da lodi fiye da kima su ke dafa taya har ta fashe.

Wanda ƙarfinsa bai kai na huɗu ba, ya sayi sababbi biyu iri ɗaya, a ɗaura su a baya kamar yadda masu ƙera taya ke ba da shawara, domin in bayan mota ya zame cikin ruwa, da wuya sitiyari ya cece ta. Kada kuma a manta da safaya; ita ma a duba lambarta kafin a kama hanyar gida da yara.