Inda Masu Saye Suka Taru: Daga Gwanjon eBay Zuwa Karar Sheme

Manomin da ya ɗinke buhu hamsin na masara a ƙasar Sabuwa, da mai kiwon da ya turke bijimi wata shida a Faskari, tambaya ɗaya ce ke hana su barci idan lokacin sayarwa ya zo: ina za a kai? A loda masarar zuwa Ɗandume ne, ko a jira 'yan sari su zo har gida? A kai bijimin Sheme, ko a haƙura da tayin mahautan gari? Yanzu kuma waya ta ƙara wa tambayar rassa. Yaron gida zai ce a ɗauki bidiyo a sa a WhatsApp, wani ya ce Facebook ta fi jama'a, wani ya kawo zancen TikTok ko Jiji. Kowanne da dalilinsa, kuma mai kaya ne zai ɗauki asarar idan zaɓin bai yi kyau ba.

Wasu mutane sun riga mu shiga wannan ruɗani shekaru kusan talatin da suka wuce, kuma labarinsu ya cancanci a ji shi.

A watan Satumba na 1995, wani mai rubuta manhajar kwamfuta a Kalifoniya ta Amurka, Pierre Omidyar, ya buɗe wani shafi mai suna AuctionWeb, wanda aka sauya wa suna zuwa eBay a 1997. Gwanjo ake yi a kansa. Mai kaya ya rubuta bayanin abin da yake sayarwa, ya yanka kuɗin farawa, ya ɗiba wa gwanjon kwanaki, galibi mako guda. Masu so su riƙa tayi, wannan ya taya, wancan ya ƙara, har wa'adi ya cika. Wanda tayinsa ya fi na kowa shi ne da kaya. Daga cikin abubuwan farko da aka sayar har da wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, wadda wani ya biya dala 14 da ɗoriya a kanta, yana sane da cewa ba ta aiki. Biyan kuɗi kuwa ta gidan waya ake yi a lokacin: mai saye ya sa cak a ambulan ya aika wa mutumin da bai taɓa gani ba, ya zauna jiran kaya. Cinikin biri a sama ke nan tsantsa, amma ya karɓu. Kamfanin yana karɓar ɗan kuɗi idan ka baje kaya, ya kuma yanki la'adarsa idan ciniki ya faɗa.

Da manyan kamfanoni suka ga ana samu, sai suka shigo. Yahoo, wanda a lokacin ya fi eBay suna nesa ba kusa ba, ya buɗe nasa gwanjon a 1998, kuma ya ce kyauta ne, ba kuɗin baje kaya, ba la'ada. Amazon ya biyo baya a watan Maris na 1999. Masu sayarwa, waɗanda dama suna ƙorafin kuɗin da eBay ke yanka, suka yi murna. Da yawa suka raba kayansu gida biyu ko uku, suna gwadawa.

Abin da suka gano, duk wanda ya taɓa kai dabba kara ya san shi. A ce ka kai rago kasuwar da ba a karɓar ko sisi, amma masu saye biyu ne kacal. Na farko ya taya dubu ɗari da hamsin, ka ce albarka. Na biyun ya duba haƙora, ya taɓa gindin wutsiya, ya wuce. Rana ta yi, ka sallama a haka ko ka koma da abinka gida. A wata kasuwar kuma za ka biya kuɗin mota, ka biya na shiga, dillali ya ci la'adarsa, amma fatake goma ne ke zagaye da ragon, kowa na tsoron kada ɗan'uwansa ya riga shi. A nan ne kuɗin zai kai dubu ɗari biyu. Gwanjo ya fi kowane irin ciniki dogaro da yawan masu tayi, domin tayin mutum na biyu ne ke tilasta wa na farko ya ƙara. Saboda haka masu kaya suka riƙa komawa eBay suna gunaguni, suna biyan la'adar. Masu saye kuma suka ci gaba da zuwa can saboda can kaya suke. Kowane ɓangare ya riƙe ɗaya.

Yahoo ya ƙara wa kansa ciwo a watan Janairu na 2001, da ya fara karɓar kuɗin baje kaya. Mutanen da araha kaɗai ta kawo su suka kwashe nasu-ya-nasu, shafin ya yi fayau. A 2007 aka rufe gwanjon Yahoo na Amurka gaba ɗaya. Amazon kuwa ya fi wayo: ya bar gwanjo ya shiƙa, ya koma bai wa ƙananan 'yan kasuwa damar sa kayansu a farashi tsayayye a gefen nasa, kuma da wannan ya yi ƙarfi.

Kada mai karatu ya ɗauka eBay wata baiwa gare shi da babu mai ita. A Japan labarin juyewa ya yi. Yahoo na can ya buɗe gwanjonsa a watan Satumba na 1999, eBay bai iso ba sai farkon 2000, 'yan watanni kawai tsakani. Amma kafin ya iso jama'a sun riga sun taru a wancan gefen, kuma a 2002 ya naɗe tabarmarsa ya bar ƙasar.

Na ƙasar Sin ya fi kama da halinmu, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. A 2003 eBay ya mallaki EachNet, shafin da ya fi kowanne girma a can, ga kuɗi ga suna. A shekarar ce kamfanin Alibaba na Jack Ma ya buɗe Taobao. Kyauta ne, amma mun ga cewa kyauta kaɗai ba ta ceci Yahoo ba. Abin da Taobao ya ƙara guda biyu ne. Na farko, ya ba mai saye da mai sayarwa hanyar yin magana kai tsaye, su yi tambaya, su yi tayi, su nemi ragi, domin mutanen can, kamar mu, ba sa jin sun yi ciniki sai an ja an saki. Na biyu, ya kawo Alipay, wanda ke riƙe kuɗin mai saye a tsakiya. Ba za a miƙa wa mai kaya ba sai kaya sun isa hannu an ce an gamsu. Zuwa ƙarshen 2006 eBay ya sallama shafinsa na Sin. A ganina, wannan riƙon kuɗi a hannun na uku shi ne abin da ya fi komai ƙaranci a cinikin waya da muke yi yau.

A kasuwanninmu dillali ne ke wannan aiki, ko da yake mun fi tuna la'adarsa fiye da amfaninsa. Shi ya san mai saniya, ya san ƙauyensu, shi za a kama idan ta tabbata ta sata ce. A yankin da satar shanu ta yi katutu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne kuma ke tsaya wa baƙon ɗan kasuwa har a ba shi kaya bashi zuwa kasuwa mai zuwa. Omidyar ba shi da dillali, sai ya ƙirƙiro madadinsa a 1996: bayan kowane ciniki, mai saye da mai sayarwa su ba juna shaida a bainar jama'a, a tara shaidun a gaban sunan mutum. Wanda ya tara shaidar kirki ɗari biyar, kayansa sun fi saurin shiga, kuma sun fi daraja. Sai dai a nan tarkon yake. Wannan suna na cikin rumbun kamfanin ne. Ranar da ka koma wani shafin, baƙo ne kai, daga sifili za ka faro. Dillalin Sheme idan ya je Ƙanƙara fuskarsa na tare da shi. Mai sayarwa a intanet kuwa sunansa na hannun mai shafi. Da yawa daga waɗanda suka so barin eBay wannan ne ya ɗaure su.

Ha'inci ma bai sauya kama ba. Babbar cutar gwanjon intanet ita ce mai kaya ya buɗe wani suna na boge, ko ya sa abokinsa, ya riƙa ƙara tayi don a zuga mai saye na gaskiya. Mun san shi a kara: mutumin da zai tsaya gefe yana ɗaga murya, "Ni ma na saya a haka, a ƙara mini biyar," alhali ko kuɗin akuya babu a aljihunsa. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, amma wannan zugar, da suke kira najashu, haramun ce da nassin hadisi. Shigarta waya bai wanke ta ba.

Me ya sa mu ba mu yi zamanin gwanjon intanet ba? Lokacin da ake wancan rikici, wayar salula ma ba ta zo mana ba sai 2001. Gidan waya ba abin dogaro ba ne, katin banki sai ɗaiɗaiku, kuma 'yan damfara sun ɓata sunan ƙasar har masu sayarwa da dama a waje ba sa yarda su aiko da kaya Najeriya. PayPal, wanda eBay ya saya a 2002 kan dala biliyan ɗaya da rabi, bai buɗe wa 'yan Najeriya ƙofa ba sai 2014, shi ma don biya kawai. Gwanjon intanet da mutanenmu suka fi ji shi ne na hukumar kwastam, wanda aka fara a 2017 zamanin Kanar Hameed Ali. Shafukan talla kuwa sun yi nasu karon: OLX ya shigo a 2012, Jiji a 2014, kuma a 2019 Jiji ya haɗiye harkar OLX ta Najeriya. Ƙa'idar dai ba ta canza ba, kasuwa ɗaya ce ke tattare jama'a, sauran su bushe.

Abin da ya fara taɓa aljihun manomi a ƙasar Hausa kiran waya ne kawai. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: kafin ka ɗauki hayar mota, ka kira ka ji yadda buhu ya kwana a Dawanau ko a Funtuwa. Daga nan muka tsallaka kai tsaye zuwa WhatsApp, kuma ba mamaki, domin a can da wanda ka sani kake ciniki, ko wanda wani ya tsaya masa. Gab da babbar Sallah za ka ga yaro ya kama ƙahon rago, wani na zagaya shi da waya, ana buɗe baki a nuna haƙora, ana ambaton rana da wata a cikin bidiyon don kada a ce tsoho ne. Mai saye na Kaduna ko Abuja ya turo rabin kuɗi, direban da duka biyu suka sani ya ɗauka. Dillanci ne dai, an sa masa kyamara.

Akwai darasi ɗaya da mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka fi Ba'amurke sani. A watan Yuni na 1999 na'urorin eBay suka tsaya kusan awa 22, masu sayarwa suka yi ta kururuwa kamar duniya ta tashi. Mu kuwa a ƙarshen Agustan 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan ukun, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A watan Satumba aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13, abin da ya kai har Disamba. Kara a rufe, waya a mace. Wanda ya tsira da kasuwancinsa a lokacin shi ne mai abokan hulɗa da suka san shi ido da ido, masu iya aiko masa da saƙo ta bakin direba.

Don haka mai kaya ya fara ƙirga masu saye kafin ya ƙirga la'ada. Ya gwada sabon dandali da kaya kaɗan, kada ya kwashe rumbu ya kai inda bai ga an yi tayi ba. Lambar duk wanda ya taɓa saye ya biya lafiya, a rubuta ta a littafi da biro, domin shafi na iya rufewa, waya na iya faɗawa rijiya. Kada a saki kaya don an ga saƙon alat. A buɗe asusu a ga kuɗin sun zauna, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura kowa ga tiransifa, ya kuma buɗe wa masu alat na boge hanya. Sannan a yankinmu akwai abin da littattafan kasuwanci na Turai ba za su gaya maka ba: bidiyon garke da ke nuna ƙofar gida ko bakin gari ba masu saye kaɗai ke kallonsa ba. A ɗauki dabba ɗaya a jikin bango, a bar sauran bayani sai an san da wa ake magana.

Ga shugabannin kara da ƙungiyoyin 'yan hatsi na Sheme, 'Yankara, Ƙanƙara da Ɗandume kuwa, kira nake yi: ku zaɓi amintattu daga cikinku, ku sanar da sunayensu da lambobinsu, su zama masu riƙe kuɗi tsakanin mai kaya da mai saye na nesa har kaya su sauka, a yanka musu la'ada sananniya. Matasanku sun iya waya, ku kuma kun san mutane. Ku zauna tare ku tsara wannan tun kafin kaka mai zuwa.