Ciwon ɓarin kai, ciwon jiki da jiri: me gwajin laktet ke nunawa?

Kwanan baya wata baiwar Allah ta zo kantinmu riƙe da takardar gwajin jini. Ta daɗe tana fama da ciwon ɓarin kai, jiki kullum kamar an yi mata duka, ga jiri idan ta miƙe. Wani ya ce mata "asid" ne ya taru a jininta, sai ta biya kuɗi aka auna mata laktet. Tambayarta ɗaya: wane magani ne zai wanke shi?

Laktet ba datti ba ne. Jikinku yana samar da shi duk lokacin da yake sarrafa sukari don samun ƙarfi. Zuciya tana ƙona shi, hanta kuma tana mayar da shi sukari. In kuna hutawa, yawanci ba ya wuce milimol 2 a litar jini. Gudu ko hawa bene da sauri yana ɗaga shi, cikin kamar awa guda ya sauko.

To ina ya haɗu da ciwon kai? Hotunan ƙwaƙwalwa na musamman sun nuna laktet ya ɗan ƙaru a wasu masu ciwon ɓarin kai. Masu bincike a Suwidin ma sun same shi da yawa a tsokar kafaɗar masu faibiromayaljiya, wato ciwon nan da ke game jiki tare da gajiya da rashin barci mai daɗi. Ana zaton ƙananan injinan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin jiki ne ba sa aiki sosai. Wannan tunani ne ya sa aka gwada bitamin B2, miligiram 400 kullum, a Beljiyam a 1998, kuma ya rage wa wasu yawan tashin ciwon kan. Yana ɗaukar kamar wata uku kafin a ga amfaninsa, yana kuma mayar da fitsari rawaya sosai, kada ku tsorata.

Amma jinin da aka ɗiba a hannu ba zai gaya muku abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba. Ko ɗaure hannu ya daɗe, ko jinin ya jima kafin a auna, adadin zai hau. Metformin na masu ciwon suga da salbutamol na masu asma su ma suna iya ɗaga shi. Ba da wannan gwaji ake gano ciwukan biyu ba, likita yana gane su ne daga bayaninku da duba jiki.

Ni jirin nan ya fi damu na. Akwai nau'in ciwon ɓarin kai da ke zuwa da hajijiya ko da kai bai yi ciwo ba, masu faibiromayaljiya kuma sun fi saurin tuntuɓe da faɗuwa. Da na tambayi matar magungunanta, sai ga amitriptyline da pregabalin, duka biyun suna kawo jiri, kuma da kanta ta ƙara adadin. Na mayar da ita wurin likitanta. Idan kuna shan irinsu, ku zauna bakin gado tukuna kafin ku miƙe, kada ku tsallake abinci, kada kuma ku daina su farat ɗaya.

Jirin da ya zo kwatsam tare da karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, wannan na asibiti ne nan take.