Kantonis a waya: abin da baki ke faɗa daban, abin da ake rubutawa daban

Duk wanda ya sauke manhaja don koyon harshen Kantonis, wanda ake yi a Hong Kong da Macau da lardin Guangdong na ƙasar Sin, yakan ci karo da wani abin mamaki. Zai iya gaisawa, ya yi ciniki, amma da zarar ya buɗe jarida ko saƙon banki sai ya ga kalmomin da ya haddace sun ɓace.

Dalili shi ne mutanen Hong Kong suna magana da Kantonis, amma rubutun ofis da makaranta da jarida ana yin sa ne da daidaitaccen Sinanci, wanda nahawunsa ya ginu a kan Mandarin. A baki, kalmar "ci" ita ce 食, sik, a takarda kuwa 吃, hek. "Duba" 睇 ce, tai, amma a rubuce 看, hon. Haka 佢, keoi, wato "shi" ko "ita", ke komawa 他 ko 她. Su kuma waɗannan kalmomin na takarda da lafazin Kantonis ake karanta su, don haka aikin mai koyo biyu ne.

Wayar kanta tana ƙara rikita lamarin. A hirar WhatsApp matasa kan rubuta yadda suke magana, kuma wanda ya kwaso wannan salo ya zuba a wasiƙar neman aiki ya ɓata rawarsa da tsalle. Google Translate ya saka Kantonis a 2024, sai dai yana karkata ga salon baka. Mai son rubuta saƙon ofis gara ya zaɓi Sinanci na tsofaffin haruffa, waɗanda Hong Kong ke amfani da su. A Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, sauƙaƙan haruffa ake rubutawa.

Ƙamusun Pleco na nuna lafazi da tsarin Jyutping, wanda aka ƙirƙiro a 1993. Amma makaranta mafi arha ita ce wasannin kwaikwayon tashar TVB: 'yan wasa na magana da Kantonis na titi, rubutun ƙasan allo kuma yawanci da salon takarda yake zuwa. Mai koyo sai ya tsayar da bidiyon, ya kwatanta abin da ya ji da abin da ya gani, ya ajiye kalmomin bibbiyu a manhajar katin hadda irin su Anki.